Bindiga a mota ranar farauta: rigimar jaka a Minesota da Wiskonsin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Minneapolis, jihar Minesota ta Amurka. Abokan aikina sun gayyace ni farautar barewa a gonar ɗayansu da ke Wiskonsin, jihar da ke maƙwabtaka da mu. Tun da aka fara shiri, biyu daga cikinsu ke musu kan dokar da ta yarda maharbi ya ɗauki bindiga a mota ba tare da ya sa ta a jaka ba. Ɗaya ya ce wasa ne da rayukan mutane, ɗayan ya ce tsohuwar dokar hanyar cin tarar maharba ce kawai. Wa ke da gaskiya, ni kuma yaya zan yi da tawa bindigar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Musun nan ba a wurin aikinku aka fara shi ba. An tafka shi a majalisun dokokin jihohin biyu, kuma da wuya in tsaya gaban ajin sababbin maharba a tashi ba wanda ya tayar da shi. Abin da ke hana shi ƙarewa shi ne ana ɗaure dokoki uku a dami ɗaya. Akwai dokar da ta hana shiga mota da doguwar bindiga alhali da harsashi a cikinta. Akwai wadda ta hana harbi daga cikin mota ko daga kan titi. Sannan akwai ta jaka, wadda ta ce ko bindigar babu komai a ciki sai an rufe ta ruf. Ta ukun nan kaɗai aka sassauta. Biyun farko suna nan daram a Minesota da Wiskonsin, kuma su ne ke riƙe da rayukan da abokinka na farko yake jin tsoro a kai. Jaka aikinta daban ne, kuma mafi yawansa na kare barewa da mai gona ne, ba na kare wanda ke cikin mota ba.

Minesota ce ta fara, a 2009, zamanin Gwamna Tim Pawlenty. Asalin dokarta yana nan har yau: bindiga a mota sai ba harsashi, kuma tana cikin jakar da aka yi don bindiga, an ja zif ko an ɗaure yadda babu wani sashe nata da ke leƙowa, ko kuma tana cikin but a rufe. Abin da aka yi a 2009 ƙofa aka buɗe a jikin wannan doka. Doguwar bindiga mara harsashi na iya zama a fili cikin mota idan kana filin koyon harbi, ko kana cikin farauta ta halal, ko kana hanyar zuwa ko dawowa daga inda za ka yi farauta a wannan rana. Amma ƙofar ba ta buɗe ba a gundumomin Anoka da Hennepin da Ramsey, ko cikin duk garin da mutanensa suka kai 2,500, ko a harabar makaranta.

Wiskonsin ta biyo baya a 2011, kuma ta fi sakin hannu. Gwamna Scott Walker ya sa hannu a farkon Nuwamba, dokar ta fara aiki ranar 19 ga watan, wato ranar buɗe kakar barewa ta kwana tara, wadda maharba sama da rabin miliyan ke fita. An cire sharaɗin jaka ga doguwar bindiga, ba tare da an ce sai ranar farauta ko sai a ƙauye ba. An kuma yarda ka ɗora bindiga ko da harsashi a kan motar da ke tsaye, ta waje, misali a ƙofar baya ta a-kori-kura. A ciki kuwa ba harsashi, kuma ba a ɗura shi kana zaune a ciki. Abin da ya karya lagon tsohuwar dokar ba hujjar farauta ba ce ma. A wannan shekarar ce Wiskonsin ta halatta ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye ga mai lasisi, ta zama jiha ta 49 da ta yi haka, dokar ta fara aiki 1 ga Nuwamba. Sai tambaya ta taso wadda aka rasa mai amsa ta: idan mutum zai iya zama a kujerar direba da fistol cike da harsashi a ƙugunsa, da wane dalili za a ci tarar manomin da ya ajiye bindigar farauta wayam a kujerar baya? Minesota ma ta sassauta ba da lasisin fistol tun 2003, shekara shida kafin ta taɓa dokar jaka.

Kafin ka yanke wa abokinka na biyu hukuncin son rai, ka ga yadda ake farautar a can. Yawancin gonaki ba daji ɗaya ba ne mai faɗi. 'Yan kurmi ne a warwatse tsakanin gonakin masara, nan ɗaya, can ɗaya. Ana raba mutane biyu, masu kora da masu tsayuwa. Mota ta sauke masu kora a wannan bakin kurmi, su jera su kutsa cikin dusar ƙanƙara, barewa ta ɓulla ta wancan bakin inda masu tsayuwa ke jira. In an gama, masu kora sun fito nesa da inda aka sauke su, wata motar ce za ta kwashe su zuwa kurmi na gaba, tafiyar minti biyar a hanyar gona. Jakarka kuwa tana can cikin motar farko. A ƙarƙashin tsohuwar doka, ko dai ka cusa jaka a aljihun riga ka yi ta yawo da ita, ko ka taka da ƙafa, ko ka shiga motar ka zama mai laifi. Mutum ya cire harsashinsa tas, ya buɗe ƙofar bayan a-kori-kura ya kwantar da bindigar a kai don ya zuba shayi daga fulas, wannan ma laifi ne a da, domin dokar ta ce "a cikin mota ko a kanta". Ga kuma bindigar da ta sha ƙanƙara: ka rufe ta cikin jaka mai soso, ka kunna na'urar ɗumama mota, zuwa dare tsatsa ta fara fitowa a jikin ƙarfen. Mutanen da aka riƙa kamawa da wannan laifi da yawansu ba masu satar namun daji ba ne, dattawa ne da zif ɗin jakarsu ya lalace ya bar gindin bindiga a waje. Ƙorafin yana da tushe.

Sai dai ba daidai ba ne a ce dokar don tara aka yi ta. Jami'an kula da namun daji suna da dalilinsu, kuma na fi ganin ƙarfinsa fiye da yadda maharba ke yarda. Babbar matsalarsu ita ce masu farautar titi: mutum ya ƙi shiga sanyi, ya riƙa zagaya hanyoyin ƙauye a hankali da gilashi a sauke, in ya hango barewa a gonar wani ya taka birki ya harba. Barewar da ta ga mota ta tsaya ba ta daɗewa. Za ta ɗaga kai, ta kafa kunne, cikin 'yan daƙiƙu ta ɗaga farin bindinta ta shige kurmi. Duk abin da zai ci wa mai harbi waɗannan daƙiƙu riba ce gare ta. Juyawa zuwa kujerar baya, jan zif mai tsawon hannu biyu, zaro bindiga ba tare da ta bugi rufin mota ba, sannan a nemi harsashi. Jaka ba ta hana ɓarawon da ya ƙudurta, amma tana ba mutumin kirki da zuciya ta ɗebe shi lokacin da zai dawo hayyacinsa. Irin wannan mutumin ya fi ɓarawon yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa jami'an ke kafa barewar roba a gefen titi, wata har da batirin da ke juya mata kai, su laɓe su jira. Dokar Minesota da ta hana harbin manyan namun daji daga kan titi ta ambaci irin wannan barewar ƙarara, don kada wani ya ce ai ba dabba ya harba ba.

Akwai kuma maganar shaida. Jami'i ɗaya na iya riƙe da yankin da ya kai faɗin gunduma, ba zai taɓa kasancewa a wurin ba lokacin da aka danna kunama. A da, in ya tsayar da mota tana rarrafe a hanyar ƙauye da magariba ya ga bindiga tsirara tsakanin kujeru, ya samu abin kamawa. Yanzu sai ya tabbatar akwai harsashi a ciki, alhali cire gidan harsashi a jefa ƙarƙashin kujera bai fi ƙiftawar ido ba daga lokacin da direba ya hango fitilar jami'in a madubi. Masu adawa da dokar jaka sukan ce wannan ai hukunta kowa ne saboda laifin 'yan kaɗan, kuma a hukunta mai harbi daga titi da tsanani a ƙyale sauran. Magana ce mai kyau a baki. Wanda ya biya kuɗinta shi ne mai gonar da harsashi ya ratsa ta gefen garken shanunsa, wanda washegari zai kafa allunan "ba shiga" a duk iyakar gonarsa, maharban kirki su rasa wurin farauta.

To batun rai fa? A nan ne abokinka na farko ya kamata ya duba yadda haɗarin ke faruwa a zahiri. A Nuwamban 2022, rana ta biyu da buɗe kakar barewa, a gundumar Green Lake ta Wiskonsin, wani mutum ɗan shekara 41 yana ƙoƙarin cire harsashi daga bindigarsa alhali tana ajiye a kujerar bayan mota, ta tashi, ta sami yaro ɗan shekara 11 a ƙirji, ya rasu. Abin da ya kashe yaron nan harsashi ne da ya shiga mota, da bakin bindiga da ke kallon mutum. Dokar da ta hana na farkon ba a taɓa soke ta ba. Na biyun kuwa shi ne darasin farko da ake koya wa yara a aji.

Wani lamarin kuma ya karkata wajen abokin naka. A Janairun 2023 a gundumar Sumner ta jihar Kansas, wani maharbi ɗan shekara 30 yana zaune a kujerar gaba ta a-kori-kura, bindiga da kayan farauta na kujerar baya tare da kare. Karen ya taka bindigar, ta tashi, ta kashe shi. Da bindigar nan tana cikin jaka mai kauri, da wuya ƙafar kare ta kai ga kunama. Jaka kamar murfin rijiya take: ba ta rage zurfin komai ba, amma wanda ya taka bisa kuskure tana iya tare shi. Wannan amfani ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai jakar tana da nata sharrin da ba a cika faɗa ba. Tana ɓoye halin da bindiga ke ciki. In ka shiga mota ka ga bindigogi huɗu a jaka, ba ka san wacce aka manta harsashi a cikinta ba, kowa ya ɗauka an cire tun da an rufe. In kuwa suna fili, an ja sakatar da ke tura harsashi baya, ko an karya mai baki biyu an bar ta a buɗe, kallo ɗaya ya isa. Kuma wanda ya zo zaro bindiga daga jaka ko daga bayan mota, sau da yawa bakinta yake kamawa ya jawo ta wajen cikinsa, don shi ne ya fi kusa da hannu. Wannan ja na daga cikin tsofaffin hanyoyin da maharba ke harbe kansu.

Mafi munin lokaci a ranar farauta shi ne na ɗurawa da cirewa, a gefen mota, mutane sun taru, yatsu sun sandare, kowa na ba da labarin barewar da ta kuɓuce masa. Tsohuwar bindiga mai mariƙin ɗanawa a ƙasa, irin Winchester 94 da ake gadonta daga kaka zuwa jika a gidajen maharban yankin, ba ta da gidan harsashin da ake zarewa. Sai ka yi ta jan mariƙin, kowane harsashi ya bi ta makwancinsa a gindin bututu sannan ya faɗo, kuma duk ja ɗaya bindigar a ɗane take. Wasu tsofaffin masu sakata ma sai ka buɗe makullin kunama kafin sakatar ta motsa. Masu son a bar harsashi a mota gaba ɗaya da wannan suke kafa hujja, wai yawan cirewa da mayarwa ne ke jawo haɗari. Ban yarda da inda suka kai maganar ba. Maganinsa shi ne a cire harsashi nesa da mota, a juya wa mutane baya, bakin bindiga na kallon ƙasa.

Kada kuma ka bari wani ya rufe maka baki da lissafi, ko ta wane ɓangare. Haɗarin harbi a farauta ya daɗe yana raguwa a jihohin nan tun kafin a taɓa dokar jaka. Wiskonsin ta fara koyar da maharba a 1967, ta wajabta sa riga mai ruwan lemo mai ƙyalli a 1980, ta kuma sa takardar horo ta zama dole ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973. Waɗannan su suka yi babban aikin. Abin da ya rage a kowace kaka 'yan ƙalilan ne, shekara guda ya hau, wata ya sauka, ba za ka iya jingina shi ga zif ba. Abin da za a iya faɗa shi ne fiye da shekara goma ke nan jihohin biyu ba su koma wa tsohuwar dokar ba.

In ka leƙa wasu wuraren za ka ga kowa da inda ya ja layinsa. Illinois har yanzu tana kan jaka da rashin harsashi. Kolorado makwancin harsashi kawai ta ce ya zama wayam, gidan harsashi na iya zama cike. Pennsylvania ta hana ko jingina bindiga mai harsashi a jikin mota, abin da ya sha bamban da sassaucin Wiskonsin. Dakota ta Kudu kuwa ta halatta harbin tsuntsaye a gefen hanyoyin ƙauye, in dai ka bar tazarar ƙafa 660, kimanin mita 200, daga gida ko makaranta ko coci ko dabbobin kiwo. A jihar da farautar gefen titi al'ada ce da ke kawo baƙi da kuɗi, hujjar jinkirta mai harbi ba ta da kasuwa. Dokar da ta fi burge ni ita ce ta lardin Ontario a Kanada. Da rana cire harsashi ya wadatar, amma daga rabin awa bayan faɗuwar rana zuwa rabin awa kafin fitowarta, a inda namun daji ke zama, bindiga sai a jakar da ta rufe ta ta kowace fuska. Sun duba lokacin da ɓarna ta fi yawa suka ɗora dokar a kansa. Jamus ma, duk tsananinta kan bindiga, ta yarda maharbi ya tafi dajin farautarsa da bindiga mara harsashi ba a kulle ba, sauran tafiye-tafiye kuwa sai a abin da aka kulle.

Ni a ganina Minesota ta fi Wiskonsin dacewa, da kuma za a ƙara mata sharaɗin dare irin na Ontario a fili da ta fi haka. Tsakanin kurmi da kurmi da rana tsaka, tilasta jaka wahala ce da amfaninta bai kai ta ba. A cikin gari, ko bayan magariba lokacin da harbi ya riga ya haramta, babu abin da maharbi na gari ya rasa in ya ja zif. Masu cewa kundin tsarin mulki ya ba su 'yanci, gaskiya ne Wiskonsin ta rubuta 'yancin riƙe makami a kundinta a 1998, da 'yancin farauta a 2003, amma shi wannan na biyun da kansa ya ce yana ƙarƙashin ƙa'idoji masu ma'ana da doka ta shimfiɗa. Namun daji a tsarin Amurka amana ce ta jama'a a hannun jiha, ko da a gonarka suke kiwo, saboda haka jiha na da ta cewa kan yadda za a tunkare su.

Yanzu ga taka tafiyar. Minneapolis a gundumar Hennepin take, St. Paul a Ramsey, kuma babbar hanyar I-94 da wataƙila za ku bi ku tsallaka kogin St. Croix zuwa garin Hudson na Wiskonsin ta ratsa garuruwan da suka wuce mutum 2,500 nesa. Sassaucin 2009 bai shafe ka ba daga ƙofar gidanka har ka kusa fita jihar. Bindigarka a jaka, a rufe, a but. "Ba harsashi" kuma a jihohin biyu yana nufin babu a makwanci, babu kuma a gidan harsashin da ke maƙale a jikin bindiga. Wanda ya saba da Kolorado nan yake faɗawa. In bindigar ɗuri ce irin adaka, wadda ita ma tana da kakarta a can, cire hular da ke tayar da wuta ko share albarushin da ke kaskon ƙyastu shi ake ɗauka a matsayin cire harsashi.

Bayan kun tsallaka ma akwai ramuka biyu da dokar 2011 ba ta cike ba. Na farko dokar tarayya ce ta 1990 kan kewayen makarantu, wadda Kotun Ƙoli ta rushe a 1995 majalisa ta gyara ta dawo da ita a 1996: cikin tazarar ƙafa 1,000 daga harabar makaranta, kimanin mita 300, bindiga sai ba harsashi kuma a abin da aka kulle. A ƙananan garuruwan Wiskonsin makaranta sau da yawa a bakin babban titi take, ka wuce ta kafin ka lura. Na biyu dokar ɓoye makami ce. Bindigar da ba ta jaka, aka yar da riga a kanta a kujerar baya inda hannu zai kai, ana iya ɗaukar ta makamin da aka ɓoye, kuma lasisin fistol bai rufe doguwar bindiga ba. A 2018 Kotun Ƙolin Wiskonsin ta tabbatar da hukunci kan wani mutum a Milwaukee da aka samu da fistol a aljihun gaban mota, ta ce bin dokar sufurin bindiga ba ya wanke mutum daga dokar ɓoye makami. Ma'ana, a fili sosai ko a but, tsaka-tsakin ne ke kai mutum kotu.

Ban san irin takardun zamanka ba, don haka ka duba wannan tun kafin ka taɓa bindigar kowa. Mai takardar zama ta dindindin ba shi da matsala ta wannan fuska. Mai bizar karatu ko ta aiki na ɗan lokaci, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki daga ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Lasisin ya fara zuwa hannu, sannan bindiga, ko da ta aro ce. Za ka sayi na baƙo a Wiskonsin tunda ba mazauninta ba ne kai, kuma in an haife ka daga 1973 za a nemi takardar horo, ko ka fita ƙarƙashin tsarin rakiya da wani gogaggen maharbi a gefenka. In akwai wani ruɗani a bizarka, lauya za ka tambaya, ba abokin aiki ba.

Akwai abin da abokanka biyu ba za su kawo a musunsu ba, don bai taɓa zama damuwarsu ba. Doka ta ce bindiga a fili halal ce, amma idon da zai leƙo ta gilashi ba doka yake karantawa ba. A Yulin 2016, a Falcon Heights da ke gundumar Ramsey, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile, baƙar fata mai lasisin ɗaukar fistol. Ya shaida wa ɗan sandan yana da bindiga, cikin daƙiƙu aka harbe shi a kujerarsa, a 2017 kuma kotu ta wanke ɗan sandan. Ba farauta ya je ba, amma hanyoyin da za ka bi ke nan. Mu kuma ba mu manta da Uromi ba, a jihar Edo, Maris ɗin 2025, inda aka tare motar mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar gida yin Sallah, aka ga bindigoginsu na farauta, aka kashe mutum 16. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba yadda suka ɗauki kayansu ba. Na kawo shi ne don ka san baƙo da bindiga a mota lissafinsa daban yake da na ɗan gari. In an tsayar da ku, hannu biyu a sitiyari ko a kan gwiwa, fitilar ciki a kunne in dare ne, ka faɗa da baki cewa daga farauta kuke, akwai bindigogi a but ba harsashi, kada ka miƙa hannu ko'ina sai an ce ka miƙa.

A cikin gonar kuma, tsakanin kora da kora, ba laifi ka shiga mota da bindigarka a fili kamar kowa. Ka cire harsashi tun kana taku ashirin daga motar, ka ƙirga su a tafin hannunka ka zuba a aljihu, ka bar sakata a buɗe, ka sa ɗan yatsa ka taɓa makwancin don ido na yaudara a duhun asuba. Ka dubi ta wanda ke kusa da kai ma, kuma ka nuna masa taka, maharban ƙwarai ba sa jin haushin wannan. In akwai kare ko yaro a motar, ko za a tara bindigogi a bayan a-kori-kura kan hanya mai gargada, sa ta a jaka ko da an yi maka dariya. Harbi a Wiskonsin yana rufewa minti 20 bayan faɗuwar rana, kuma ba a harbi cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titi. A hanyar komawa masauki za ku ga idanun barewa na ƙyalli a gonaki, wani zai ce direba ya ɗan karkata fitila a gani. Ka hana shi. Haska namun daji alhali da bindiga a motar laifi ne mai zaman kansa, daga 15 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba kuma, tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe, an hana haskawar ko babu bindiga.